Wasan da Aka Mayar Ranar Litinin

Ranar da likita ya ce Baba zai iya fara fita waje, tsohon bai ce a kai shi gidan 'yarsa ba, bai kuma nemi tsofaffin abokansa na bakin gareji ba. Hannun hagu ya ɗaga, wanda shi kaɗai ciwon ya bar masa, ya nuna wata koɗaɗɗiyar jesi shuɗiya da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa.

"Fili," ya ce.

Maganar ta fito a karkace, don tun da ɓarin jikinsa ya shanye bakin ya goce gefe, sai wanda ya saba da shi ke gane abin da yake faɗa. Babban ɗansa ya gane. Direban motar biredi ne, kowa Burki yake ce masa, ba don yana son taka shi ba, sai don an daɗe ana roƙonsa ya riƙa takawa. Ya sunkuya ya goge wa tsohon gefen baki da bakin rigarsa, ya ce, "Za mu je, Baba. Asabar ta sama da 'yan tsallaken gada za mu kara. Ni zan tura ka da hannuna."

Baba tsohon makanike ne. Tun Burki bai kai tsayin tayar babbar mota ba yake saɓa shi a wuya ya kai shi filin ƙwallon garin. Asabar da ƙarfe huɗu, ko ana ruwa ko ana iska, za a ja ƙofar gareji, a wanke baƙin mai, a kama hanya. Suna da wurin zamansu a rumfar yamma mai inuwa, layin ƙasa, daura da tutar kusurwa, inda kana jin hakin ɗan wasa idan ya zo bugu, shi ma yana jin zagin da kake masa. A nan Burki ya fara ganin ubansa yana kuka, a nan kuma ya koyi ashar ɗin da uwarsa ta sha zane shi a kai.

Amma wancan zamani ne. Tun da masu shirya gasa suka sayar wa wani kamfanin talabijin damar nuna wasanni, ba wanda ya ƙara sanin ranar wasa sai ranar da kamfanin ya ga dama. Duk da haka wannan karon an ce Asabar ce, an nanata a rediyo, don haka Burki ya shiga shiri. Biredi bai san hutu ba, sai da ya bi wani abokin aikinsa da ake kira Gajere da daɗin baki kafin ya yarda su yi musayar rana. Ya aro keken guragu a wurin maƙwabta, ya sa wa tayoyin mai. Ya buga wa ƙaninsu Auta waya, wanda ke aiki a wata masaƙa a gari mai nisa. Auta ya ce ko da rarrafe zai zo, ya roƙi hutun Asabar da Lahadi aka ba shi da ƙyar. Matar Burki ta wanke jesin ta goge, tana tsokanar tsohon cewa sai ka ce angon da za a kai wa amarya.

Ranar Laraba, Burki na sauke kaya a wani shago, ya ji a rediyon mai shagon cewa an ɗaga wasan zuwa yammacin Lahadi. Ya tsaya da tiren biredi a hannu, ya ja tsakin da sai da mai shagon ya waiwayo. Ya koma wurin Gajere.

"Kai dai ka faɗa min gaskiya, wace rana kake so?" in ji Gajere. "Ni ma fa ina da mata, ba da motar nan aka ɗaura min aure ba."

Gajere ya yi ta mita, amma ya yarda. Auta ma ya ce ba laifi, ana tashi daga fili zai wuce tasha.

Auta ya iso da yammacin Juma'a, ƙura har gira. Ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi, tsohon yana shafa kansa da hannun nan ɗaya. Ko ruwan da aka kawo masa bai gama sha ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa yayansa. An mayar da wasan ranar Litinin, ƙarfe ɗaya na rana. Wai akwai wani babban wasa na ƙasashen waje ranar Lahadi, kamfanin ba ya son su ci karo, kuma an yi haka ne "domin jin daɗin masoya ƙwallo".

"Masoya ƙwallo?" Burki ya miƙe tsaye. "Mu kuma mene ne? Masoya kokawa? Litinin! Da tsakar rana! Wa zai je? Marasa aikin yi da ƙadangaru?"

"Baban yara, ka rage murya," in ji matarsa, tana nuna tsohon da ido.

Ai Baba ya riga ya ji. Ya juyar da kai wajen bango.

Auta ya yi kwana biyunsa a zaune, ya aske wa Baba gemu, ya yanke masa farce, Lahadi da yamma ya rataya jakarsa. A bakin ƙofa ya ce, "Yaya, in dai za ka iya, ka kai shi. Ni zan leƙa ta talabijin ɗin kantin masaƙa in an fita cin abinci."

Gajere ba ya roƙuwa karo na uku, Burki ma bai gwada ba. Da safiyar Litinin ya gama zagayen farko, ya ajiye mota, ya shiga ofishin Manaja yana murza hula a hannu.

"Ranka ya daɗe, tsohona ne jikin ya motsa. Asibiti zan kai shi."

Manaja ya ɗago daga shayinsa. "Subhanallahi. Je ka, je ka. Allah ya ƙara sauƙi."

Ƙaryar ta yi ta damun Burki har ya isa gida. Bai taɓa jingina wa ubansa ciwon ƙarya ba, ga shi yau saboda wasu mutanen da ko fuskarsu bai sani ba ya yi.

Titin filin wasa, wanda ranar karawa da 'yan tsallaken gada ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba, yau babu kowa sai wata akuya da masu sayar da ruwa suna hamma. Manyan motocin kamfanin talabijin ne kawai suka yi layi, farare ƙal, injinansu na gurnani, wayoyi sun fito daga cikinsu sun bi ƙasa kamar hanji. Burki ya tura keken ya nufi ƙofar yamma yadda suka saba. Wani mai gadi ya tare su da sanda.

"Nan a rufe yake. Ku zagaya gabas."

"Malam, a nan tsohon nan yake zama tun kafin a haife ka."

"Ni dai abin da aka ce min ke nan. Kyamarori na wannan ɓarin, don haka kowa ya koma wancan, inda za a gan shi."

Ta saman kafaɗarsa Burki ya hango wurin zamansu. An jibge akwatunan ƙarfe a kai, wani saurayi ya miƙe ƙafa a kujerar Baba yana latsa waya, ga fanka a gabansa.

Ɓarin gabas ba shi da rufi, kuma sai an hau matakala. Burki na tsaye yana lissafin yadda zai yi, sai ga Mai Ganga, shugaban magoya baya, wani ƙaton mahauci da ya rufe rumfarsa ya zo. Da ya ga Baba sai ya ajiye gangar ya durƙusa.

"Baba, kai ne da kanka? Kai, sannu da ƙoƙari! Burki, kama can."

Suka ciccibi keken da tsohon a ciki, suna nishi, suka haura. Simintin ya yi zafin da in ka zauna sai ka ɗaga cinya ɗaya. 'Yan kallon da suka zo ba su fi cikin motocin haya biyu ba, yawanci tsofaffi da waɗanda suka sato jiki daga wurin aiki, kowa na kare fuska. Wasu matasa masu rigar kamfanin suna ta kora su wuri ɗaya kamar awaki. "Ku matso tsakiya! Ku haɗe! Kada a bar gurbi!" Sauran kujerun da babu kowa an lulluɓe su da manyan tamfol masu tallar lemo da sabulu.

Magoya baya sun zo da wani zanin gado da suka rubuta KU MAIDO MANA DA ASABAR da shuɗin fenti. Ko gama ɗaure shi ba su yi ba masu gadi suka zo suka kwance, wai yana rufe talla. Mai Ganga ya yi ta kumfar baki, aka ce ko zanin ya fita ko shi ya fita.

'Yan wasa suka fito, suka jeru, aka jefa kwabo, kowa ya kama wurinsa. Alƙalin wasa ya sa usur a baki. Sai kuma ya tsaya. Aka yi ta jira. Burki ya bi inda alƙalin yake kallo, ya ga wani ɗan siririn mutum a bakin layi, da abin saurare a kunne, ya ɗaga hannu sama.

"Me ake jira?" wani ya tambaya.

"Talla ba ta ƙare ba," in ji wani mai kallo a waya. "Yanzu ana ta man goge baki."

Ga ƙarti ashirin da biyu a tsaye cikin rana, gumi na ɗiga daga haɓarsu, ga alƙalin da Burki ya tashi yana ganin ba wanda ya isa ya ɗaga masa yatsa a fili, duk sun zuba wa hannun mutum ɗaya ido. Da hannun ya sauka, usur ya tashi.

Nan take wata irin sowa ta ɓarke a filin, kamar dubban mutane sun buɗe baki lokaci guda. Burki ya zabura ya waiga. Ba kowa. Daga lasifikokin da aka ɗaura a jikin turaku take fitowa, har da waƙa da kiɗa. Mai Ganga, wanda ya ɗaga gula zai fara, ya tsaya da hannu a sama ya karkata kunne.

"Kai! Wallahi gangata ce! Kun ji? Wannan kiɗana ne na bara, ga ma inda fatar take ɗan yin zuu. Ni za a ɗauka a sa min a kunne ina zaune?"

Ya gwada bugawa, lasifika ta danne shi. Ya ajiye gangar tsakanin ƙafafunsa, ya tofar da miyau, ya naɗe hannu.

Wasan kuwa ba armashi. Zafi ya hana kowa gudu, ƙwallo na tafiya kamar ita ma roƙonta ake yi. Burki ya samo wani kwali ya riƙe a saman kan Baba, yana canja hannu in ɗaya ya gaji, yana ɗiga masa ruwa a baki. Jesin da aka goge ta jiƙe sharkaf ta manne a ƙashin ƙirjinsa. Amma tsohon bai ɗauke ido daga fili ba. Idan ɗan bayansu ya yi sakaci sai ya buga hannun keke ya yi gunaguni.

Ana hutun rabin lokaci sai ga siririn nan mai abin kunne ya hauro, mai kyamara na biye da shi. Yana ganin Baba idonsa ya yi haske kamar wanda ya tsinci abu.

"Yauwa! Wannan nake nema. Mahaifinka ne? Ɗan sauke kwalin nan, yana ɓata hoto. Juyo da keken haka. Baba, sannu. Shekara nawa kana goyon bayan ƙungiyar nan? Faɗa wa masu kallo yadda kake ji yau."

Baba ya dube shi tun daga takalmi har kai. Ya tattaro ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya ɗaga hannun nan ya nuna cikin kyamara, ya yi magana mai tsawo, idonsa ya kawo ruwa. Tun da ya kwanta ciwo Burki bai ji ya haɗa kalmomi da yawa haka ba.

"Me ya ce?" in ji mutumin.

"Ya ce ku ɓarayi ne," in ji Burki. "Ya ce kun sace masa Asabar, kun sace masa kujera, kun hana ɗansa ganin wasa, kun shanya shi a rana. Ya ce bai yafe ba."

'Yan kusa suka ɗauki ihu, wannan karon na gaske. Burki ya gyara tsayuwa yana jiran mutumin ya ji kunya, ko ya yi fushi, ko ya kira masu gadi. Sai kawai ya leƙa ɗan allon kyamara, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar abokin aikinsa.

"Ka ga hawayen? Ya fito da kyau. Ba komai, Malam, ai ba sautin muke buƙata ba. Mun gode, Baba!"

Ya sauka da gudu-gudu yana magana da wani a kunnensa. Burki ya ji kamar ya taka wani abu mai wari da ƙafa ba takalmi.

Ba a daɗe da dawowa ba 'yan tsallaken gada suka zura musu ƙwallo. Mai tsaron gida na kwance a ƙasa, magoya baya sun dafe kai, sai lasifika ta fashe da sowar murna, da kiɗan Mai Ganga, da waƙar da suke yi idan su suka ci. Wanda ke danna abin bai ma san wace ƙungiya ce ta gida ba. Mai Ganga ya yi wata dariya marar daɗi, ya ɗauki gangarsa.

Baba ya jawo hannun rigar Burki. "Gida," ya ce.

Suka sauko da shi, wasa bai ƙare ba.

Washegari da sassafe aka ce Manaja na kiran Burki. Yana shiga ya ga ƙaramin talabijin a kan durowa, abin da bai taɓa lura da shi ba.

"Ya mai jiki?" in ji Manaja.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Na gani ai. Asibitin naku babba ne, har da ciyawa da raga. Kai ne likitan mai riƙe da kwali?"

Burki ya sunkuyar da kai. Ya fara bayanin yadda aka yi ta juya ranar, Manaja ya katse shi.

"Ni kam Litinin ɗin ta yi min daidai, ina zaune a nan na kalli abina. Da ka faɗa min gaskiya da na hana ka, shi ya sa ka yi ƙarya, na sani. Shaguna nawa suka kira ba a kai musu kaya ba? Ajiye makulli. Ka je ka huta sati guda, sai ka ji daɗin jinya."

Da rana Auta ya kira, muryarsa cike da murna. "Yaya, na gan ku! Duk kantin sai da na nuna musu, na ce ga Babanmu. Kai, amma fili ya cika! Ihu har nan muke ji. Ni da na ɗauka ba wanda zai je."

"Ba wanda ya je," in ji Burki.

"Haba Yaya, da idona fa na gani."

Burki ya buɗe baki zai yi bayani, ya ji ba zai iya ba. Ya ce caji ya ƙare, ya kashe.

Kafin sati ya raba, kamfanin ya mai da Baba talla. Kowane ɗan lokaci sai a nuno shi a hankali, koɗaɗɗiyar jesi, ido da hawaye, yatsa na nuna masu kallo, ga wani kiɗa mai sanyi a ƙasa, wata murya mai zaƙi tana cewa ƙwallo ta masoya ce, su kawowa kawai suke yi. Maƙwabta suka riƙa shigowa yi wa Baba barka. Wata tsohuwa ta ce ita har kuka ta yi. Wanda ya ara musu keke ya zo ya tsaya kusa da Baba aka ɗauke su hoto. Matar Burki ta gaji da bayani, ta koma cewa "mun gode" kawai. Shi kuwa Burki in tallar ta zo sai ya tashi ya fita tsakar gida.

Asabar ta zo. Ga shi ba aiki, ga yamma ta yi sanyi, iska na kaɗa labule, irin ranar da ƙwallo ke daɗi. Ba wasa. Ya fito da Baba ƙofar gida, ya zauna a dakali kusa da shi, suna kallon masu wucewa. Fatar goshin tsohon tana saɓa saboda ranar da ya sha. Burki ya yi ta tsara maganar da zai faɗa: sun gama da filin nan, zai cire kwanon talabijin daga kan rufi, kowa ya riƙe ƙwallonsa.

Bai kai ga farawa ba Baba ya taɓa gwiwarsa.

"Na gaba," ya ce. "Yaushe?"

Burki ya dube shi. "Wasan gaba? Baba, bayan abin da suka yi maka?"

Tsohon ya kafa masa ido.

"Ba su faɗa ba tukuna. Wasu na cewa Alhamis, wasu na cewa Talata da safe. Sai abin da suka ga dama."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "In sun sa, ka faɗa min."

Burki ya ja dogon tsaki, wanda shi kansa bai san ko da kamfanin yake ba, ko da tsohon, ko da kansa. Ya daɗe yana kallon kwatar da ke gaban gidan. Can ya laluba aljihu ya ciro waya, ya fara neman lambar Gajere.